Bindigogin fim ɗin Zulu na 1964: kundin aikin tantancewa

4 Janairu 2025

Aikin da na ɗauko shi ne in bi fim ɗin Zulu na 1964 fitowa bayan fitowa, in rubuta duk bindigar da ta bayyana a allo, in gano sunanta da shekarar da aka fara ƙera irinta, sannan in auna ta da ranar da labarin ya faru. Ranar kuwa sananniya ce: daga la'asar ɗin 22 ga Janairu 1879 zuwa wayewar garin 23, a Rorke's Drift, wani ɗan gidan mishan kusa da kogin Buffalo, kan iyakar Natal da ƙasar Zulu. Sojan Ingila kimanin 150, har da marasa lafiya, suka tsare gini biyu, ɗaya daga ciki asibiti, da katangar buhunan masara da akwatunan biskit, mayaƙan Zulu 3,000 zuwa 4,000 ƙarƙashin Yarima Dabulamanzi kaMpande suna kawo musu hari. Lambar Victoria Cross, babbar lambar jarumta ta sojan Ingila, guda 11 aka raba saboda wannan dare guda.

Cy Endfield ne darakta. Stanley Baker ya fito a Laftanar John Chard, injiniyan soja, Michael Caine kuma a Laftanar Gonville Bromhead na runduna ta 24. An ɗauki fim ɗin a 1963 a gindin duwatsun Drakensberg, fiye da kilomita 100 daga ainihin wurin, saboda can ya fi kyau a ido. Tun daga nan mutum zai san masu fim ba su rantse da Alƙur'ani cewa komai zai zo daidai ba.

Na buɗe jadawali mai gida biyar: mintin da bindigar ta fito, wanda ke riƙe da ita, nisansa da kyamara, sunan bindigar, shekararta. Gida na uku na sa shi ne don ina zargin shi zai fi sauran magana. Abin da ya sa aikin zai yiwu kuwa, an ɗauki fim ɗin da Super Technirama 70, hoto mai faɗi da tsabta, ta yadda idan ka tsayar da kwafi mai kyau ka zuƙo, kana iya ganin hannun mutumin da ke sahu na uku.

9 Janairu 2025

Bindigar da ya kamata ta cika fim ɗin ita ce Martini-Henry, kuma ita ce a hannun duk wanda kyamara ta matsa kusa da shi. Sunan mutum biyu ne aka haɗa. Friedrich von Martini, wanda ya yi aikinsa a Suwizalan, shi ya gyara tsarin ɗuri da wani Ba'amurke, Henry Peabody, ya fara ƙirƙira. Alexander Henry na Edinbara kuma shi ya zana murɗaɗɗun layuka bakwai na cikin bututu waɗanda ke sa harsashi juyawa. Sojan Ingila sun amince da ita a 1871, ta fara isa hannun rundunoni a 1874.

Gane ta ba wuya idan ka san inda za ka duba. Tsakanin gindin katako da bututu akwai akwatin ƙarfe mai shafaffen gefe, sumul, babu guduma a tsaye a samansa. Rashin gudumar nan shi ya raba ta da Snider, wadda ta gada, domin Snider tana da ƙatuwar guduma a dama da ake ɗanawa da babban yatsa. A gefen dama na akwatin Martini akwai wani ɗan ƙarfe mai siffar ɗigon ruwa, wanda ke karkata ya nuna ko bindigar a ɗane take. A ƙasa, bayan kunama, akwai liba kwance a jikin katako.

Akwai fitowa da dama da ake ganin ɗuri sosai, kuma na maimaita su a hankali. Soja ya ture libar ƙasa da tafin hannu, toshen ƙarfen da ke cikin akwati ya sunkuyar da kansa, kwanson da aka harba ya yi tsalle ya fito baya. A bayan toshen akwai kwari kamar cokali. Soja ya ɗora sabon harsashi a kwarin, ya tura shi da babban yatsa har ya shige, ya ja liba sama, toshe ya rufe, shi ke nan sai harbi. Harsashi ɗaya ake sa mata, ba ta da gidan harsasai. Ƙwararren soja yana iya harbi kamar 12 a minti.

Hannun dama a wannan aiki ƙasa yake zuwa ya dawo. Na ja layi a ƙarƙashin wannan a littafina, don da shi zan kama baƙi a sahun baya.

15 Janairu 2025

Harsashin ya cancanci shafinsa. Lambarsa .577/450, ƙato ne mai wuya kamar kwalba, dalmarsa ta kai giram 31, baƙin albarushi ke tura ta. Kwanson na 1879 ba irin tagullar da muka sani yau ba ce mai kauri da aka zuba gaba ɗaya. Siririyar tagulla ce aka naɗe kamar takarda aka liƙa mata gindin ƙarfe. Tana lotsewa a jaka. Idan bututu ya yi zafi kuma daskararren albarushi ya taru, sai kwanson ya manne, a ja liba gindin ya cire ya bar sauran a ciki, soja ya koma sakace shi da wuƙa ko da tsinken goge bindiga, abokin gaba na tafe.

Abu uku ne fim ɗin bai nuna ba, kuma duk ukun daga harsashin wasa suka samo asali, wanda ba dalma a bakinsa. Na farko shuri. Martini tana dukan kafaɗa da gaske, musamman idan ta yi datti, kuma waɗanda suka kwana a Rorke's Drift sun wayi gari da kafaɗu a kumbure, wasu har sun riƙa sauya kafaɗa cikin dare. A fim za ka ga mutum ya harba bindiga ko gezau, wani kuma ya tuna ya girgiza kafaɗarsa bayan ƙarar ta riga ta wuce. Na biyu zafi: bututun yakan ƙona hannu, shi ya sa sojojin da suka daɗe a Afirka ta Kudu suke ɗinka ɗanyar fatar sa a kewayen katakon gaba, ta bushe ta ɗame. Na uku hayaƙi. Harsashi kusan 20,000 aka harba a daren, a fili da bai fi ƴan taku ba, ga rufin asibiti yana ci da wuta. Da masu fim sun saki hayaƙin da ya dace, da ba wanda zai ga fuskar Michael Caine, kuma ba su ɗauko shi daga Landan don a ɓoye shi ba. Wannan na yafe musu.

22 Janairu 2025

Yau shekara 146 da yaƙin, shekara 61 da fara nuna fim ɗin a Landan, domin da gangan aka zaɓi 22 ga Janairu 1964.

Na kai wa kawuna ziyara da kwamfuta a jaka. Tsohon ɗan sanda ne, ya yi fareti da bindiga mai sakata tun kafin a haife ni. Na sa masa fitowar ƙarshe, inda sojoji suka jeru sahu uku a gaban tudun buhuna suna harbi sahu bayan sahu. Ban gaya masa abin da nake nema ba. Bai kai ƙarshe ba ya ɗaga hannu.

"Tsaya, ɗana. Mayar da shi baya kaɗan. Wancan na gefe, ka ga gwiwar hannunsa?"

Na mayar. Ya ce, "Wannan ai sakata yake ja. Sama, baya, gaba, ƙasa. Ko ina barci na san wannan motsin."

Na ce, "Kawu, a 1879 fa ake."

Ya ce, "To su suka sani. Ni dai na ga abin da na gani."

Gaskiyarsa. A sahun baya da gefen allo akwai mutane riƙe da Lee-Enfield. Idan ka tsayar da hoton, ƙululun sakatar yana nan a dama, kuma inda ya kamata a ga shafaffen akwatin Martini sai a ga katako da zagayayyen ƙarfe. Hannun mai Martini ƙasa yake yi, na mai Lee-Enfield sama da baya. Da zarar idonka ya koyi bambancin, ba za ka ƙara kallon fitowar nan kamar da ba, kullum sai ka hango su.

Tsarin sakatar na James Paris Lee ne. Sojan Ingila sun karɓe shi a 1888 da sunan Lee-Metford, ya zama Lee-Enfield a 1895, harsashi .303, gida mai cin 10. Wato ko an yi sassauci, bindigar ta riga kanta zuwa filin da shekara 16. Waɗanda ke fim ɗin dogayen nan ne na farko, masu bututun da ya zarce katako. Ba gajeriyar da ta zo a 1904 ba ce, mai katako har baki da dakakken hanci, ba kuma ta huɗu ba ce, ta yaƙin duniya na biyu, wadda kawu ya riƙe. A nan zan yaba wa wanda ya zaɓo su: daga nesa doguwar Lee-Enfield da Martini tsayinsu kusan ɗaya ne, wajen santimita 125, kuma dukansu bututu ya leƙo gaba. Ya nemi abin da ya fi kama, ya tura shi baya.

2 Fabrairu 2025

Dalilin cikon a fili yake. Ana buƙatar kamfanin soja guda a allo, aka aro matasan sojan Afirka ta Kudu suka sa jajayen riguna, amma Martini masu aiki da harsashin wasansu ba su isa kowa ba. Harsashin wasa na .303 kuwa a 1963 yana nan jibge a duk ƙasar da Ingila ta taɓa mulka. Tarin Martini da ke yawo a kasuwar masu tara kayan tarihi yau, da yawansu daga wata tsohuwar fada a Katmandu ta ƙasar Nepal aka kwaso su a 2003, shekara 40 bayan an gama ɗaukar fim.

Gida na uku na jadawalina ya fara magana kamar yadda na zata. Kusa da kyamara, Martini. Tsakiya, yawanci Martini. Can baya, gauraye.

8 Fabrairu 2025

Libarbar hafsoshi. Wannan ba ta ɓuya ba ko kaɗan, domin a hannun manyan jarumai biyu take, a tsakiyar allo. Webley Mk VI ce, wadda sojan Ingila suka karɓa a 1915, ana tsakiyar yaƙin duniya na ɗaya. Tazarar shekara 36 ke nan, ta ninka ta Lee-Enfield har da ɗoriya.

Alamominta: bututu mai inci 6 mai shafaffen gefe da doro a sama, mariƙi mai kusurwa a ƙasa maimakon lanƙwasasshen na waɗanda suka gabace ta, zobe a gindi don igiyar wuya, da wasu ƴan fukafukai biyu gaban tulun harsasai da ke taimaka mata shiga kube. Babbar shaida ita ce yadda ake buɗe ta. Akwai fitowar da Chard ke ɗura mata harsashi hannunsa na rawa. Libarbar a karye take biyu, bututu ya sunkuya ƙasa, ramuka shida a buɗe. Ana danna wani maƙulli a hagu da babban yatsa, a karya ta, kwanso shida su tashi lokaci guda.

Ta gwamnati a 1879 Adams ce mai harsashi .450, kuma ba a karya ta. Jikinta guda ne. Ƙaramar ƙofa ake buɗewa a gefen dama, a tura kwanso ɗaya waje da tsinke, a juya tulu, a tura na gaba, har shida, sannan a bi su ɗaya bayan ɗaya a cika. Hafsa a wancan zamani shi yake sayen tasa da kuɗinsa, don haka ana samun Tranter, ana samun Webley samfurin RIC na 1868, amma dai yawancinsu ta ƙofar gefe ake ɗura su. Webley mai karyewa ba ta zama ta soja ba sai 1887.

Wannan sauyin ya taɓa yanayin faɗan, ba siffa kaɗai ba. Hafsan da ya ƙarar da shida a Adams, mayaƙi na tsallako katanga, ba shi da lokacin tsinke da juya tulu. Shi ya sa labaran waɗanda suka halarta suke nuna Bromhead da bindiga doguwa da wuƙarta a hannu a wani ɓangare na daren, yana jagorantar kora a gaban asibiti. Fim ya fi son hafsa tsaye da libarba, don a bambanta shi da farabiti.

9 Fabrairu 2025

Mahayan dawakin da suka zo gidan mishan ɗin suka wuce ba su tsaya ba, fim ya mai da su Turawa manoma. A tarihi baƙaƙen fata ne na rundunar Natal Native Horse, kimanin 100, ƙarƙashin Laftanar Alfred Henderson, sun fito daga Isandlwana, sansanin Ingila da Zulu suka murƙushe a wannan ranar, harsashinsu ya kusa ƙarewa. Gajerun bindigogin doki suke riƙe da su, marasa wuƙa. Na sa su a shafi daban.

20 Fabrairu 2025

Kwanakin nan a kan samfuran Martini na zauna, domin cewa "Martini ce" bai isa ba. Huɗu ne manya. Mk I ta 1871 da gyare-gyarenta, Mk II ta 1877, Mk III da aka amince da ita a Agustan 1879, wata bakwai bayan yaƙin, sai Mk IV ta 1887. Runduna ta 24 a watan Janairun 1879 ba za ta riƙe komai ba sai biyun farko.

A hannu abin mai sauƙi ne, don a gefen dama na akwati an buga kambin sarauta, haruffan V.R. na Sarauniya Victoria, sunan masana'anta kamar Enfield ko BSA ta Birmingham, shekara, da lambar samfuri. A allo ba a karanta wannan. Abin da ake iya gani biyu ne. Ɗan ƙarfen nan mai siffar ɗigo babba ne a samfuran farko, ƙarami a na baya. Sai liba. Ta Mk IV doguwa ce, ta ɗara sauran da wajen inci 3, ta miƙe sosai a ƙarƙashin gindi, kuma bayan akwatinta an zaftare shi ya yi ɗan tozo.

Dogon libar nan yana da tarihi, kuma a Sudan aka rubuta shi. A yaƙe-yaƙen 1884 da 1885 da mutanen Mahadi, irin su Tamai da Abu Klea, yashi da zafi da naɗaɗɗen kwanso suka haɗu, bindigogi suka riƙa cijewa a daidai lokacin da mayaƙan Mahadi suka iso sahu. Ƙorafi ya yi yawa har aka koma kwanson tagulla zubin guda, aka kuma tsawaita liba don ta sami ƙarfin fizgo wanda ya manne. Don haka duk Martini mai dogon liba ƴar bayan yaƙin Sudan ce, ba ta da hurumi a Natal ta 1879. Haka ma wadda aka sauya wa bututu zuwa .303 daga baya, ana gane ta da siririn bututu da ɗan katako a samansa gaban akwati. Na ƙara gida na shida a jadawali don liba, na koma farkon fim ina bi.

Ƙa'idar da na ɗaura wa kaina: ba na rubuta samfuri sai alama biyu sun yarda da juna a hoto guda. Inda ɗaya ce kawai, "Martini-Henry" nake rubutawa in wuce. Masu irin wannan aiki da yawa suna son su ga sun cike kowane gida, sai su mai da inuwa shaida.

6 Maris 2025

Yanzu na iso inda na fi daɗewa, kuma inda na ga ya fi kowane muhimmanci: ƴan bindigar Zulu da ke kan dutse.

A fim, wasu mayaƙa sun hau tudun da ke bayan gidan suna harbo sojoji, kuma an sa a bakin jarumai cewa bindigogin daga gawarwakin Isandlwana aka kwaso su. A jadawalina bindigar da ake ba su a labarin daidai take da shekara. Martini ce, 1879 ce, ba abin da za a ja. Da aikin ya tsaya a sunan bindiga da shekararta, da na sa alamar daidai na wuce. Amma ga matsalar: hannun da ke riƙe da ita ba shi ba ne.

Gaskiya ne da tsakar wannan rana rundunar Sarki Cetshwayo ta murƙushe sansanin Isandlwana, aka kashe fiye da mutum 1,300 a ɓangaren Ingila, aka kwashe Martini kusan 1,000 da harsasai masu ɗimbin yawa. Sai dai waɗanda suka zo Rorke's Drift ba su ne suka shiga sansanin ba. Rundunonin ajiya ne, uThulwana da iNdlondlo da uDloko da iNdluyengwe, yawancinsu magidanta da suka haura shekara 30 da 40. Sun zagaya bayan dutsen Isandlwana don tare hanya, ba su sami rabon faɗan ba, ba su sami ganima ba, kuma wannan haushin yana cikin abin da ya sa suka ƙetare kogi duk da sarki ya hana shiga Natal. Ƴan iNdluyengwe sun bi masu gudu ta bakin kogi, mai yiwuwa sun tsinci ƴan ƙalilan. Ƙalilan ɗin dai.

Abin da ke hannunsu tsofaffin bindigogin ɗuri ta baka ne. Shekaru kafin yaƙin dubbai sun shigo ƙasar Zulu ta gaɓar Delagoa, inda Maputo take yau, ta hannun fataken Fotugal da wani Bature mazaunin ƙasar, John Dunn, wanda ya zama na hannun daman Cetshwayo kafin ya juya masa baya. Kayan da sojojin Turai suka yar ne: masu ƙyastu irin Brown Bess na zamanin Napoleon, masu tambarin Tower, da ƴan Enfield na 1853 ga mai sa'a. Albarushin maras kyau, harsashin kuma abin da aka samu, dalma in akwai, in babu guntun ƙarfe ko tsakuwa. Duk wanda ya taɓa ganin maharbin ƙauye yana ɗura bindigar toka, ya zuba albarushi a tafin hannu ya auna da ido, ya cusa tsumma, ya daddanna da tsinke, ya san irin makamin da ake magana da irin jinkirinsa.

Daga matakan dutsen Shiyane, wato tudun da ke bayan gidan, zuwa katangar akwai mita 300 zuwa 400. Ga Martini, mai saitin da ya wuce yadi 1,000, wannan ba nisa ba ne. Ga Brown Bess kuwa, wadda ko a mita 100 sai da addu'a, harbi ne na a jefa sama Allah ya kai. Sojojin da ke katangar gaba bayansu a buɗe yake ga dutsen. Da a ce Martini ɗari ne a can sama tun la'asar, ko da a hannun waɗanda ba su saba da ita ba, da wuya a ce mutum 17 kawai Ingila za ta rasa.

Duk da haka kada a raina tsofaffin bindigogin. Yawancin waɗanda suka mutu a cikin katangar harsashi ne ya kashe su, ba mashi ba, mashin ya fi cin marasa lafiya a asibiti. James Dalton, jami'in kayan abinci wanda ya ba da shawarar a tsaya a yi katanga, harbinsa aka yi. Louis Byrne yana miƙa wa wani mai rauni ruwa harsashi ya same shi a ka. Farabiti Fred Hitch an farfasa masa kafaɗa. Da yawan wannan harbi daga kusa ya zo, daga bayan duwatsu da bishiyoyin gaban gida, inda bindigar toka take da ta cewa.

14 Maris 2025

Don adalci ga marubutan fim: ba su suka ƙirƙiri zancen ba. Frank Bourne, babban sajen kamfanin, ya yi magana a rediyon BBC a 1936, ya ce da bindigogin Ingila da aka kwaso a Isandlwana aka harbe su. Mutumin yana wurin, ni ba na nan, kuma shi ne na ƙarshe da ya rage cikin masu tsaron, ya rasu a watan Mayun 1945. Amma ya yi maganar ne bayan shekara 57, kuma hanyar da rundunonin suka bi ba ta goyi bayansa ba. Masana tarihin yaƙin na baya, irin su Ian Knight, sun karkata ga tsofaffin bindigogi, ni ma nan na tsaya. Af, Bourne ɗin nan da fim ya nuna ƙaton dattijo mai gashin baki, saurayi ne ɗan shekara 24 a lokacin.

Abin da ya sa na nace: Webley a hannun Chard kuskuren shekara ce, mai kallo bai rasa komai na labarin ba. Martini a kan dutse kuwa ta sauya labarin kansa. Ta sa a ɗauka Zulu ba su san bindiga ba sai ranar da suka tsince ta a jikin gawa, alhali sun shekara suna saye, sarkinsu yana da tsarin tara ta, kuma abin da ƴan kasuwa suka sayar musu shara ce. Na ƙara gida na bakwai a jadawali: shin wannan mutumin zai iya riƙe wannan bindigar a wannan rana? Webley da Lee-Enfield sun faɗi tun a gidan shekara. Ta kan dutse ita kaɗai ce ta haye gidan shekara ta faɗi a na bakwai.

29 Maris 2025

Inda Martini ɗin Isandlwana suka yi aiki da gaske shi ne Khambula, rana irin ta yau a 1879, wata biyu bayan Rorke's Drift. A can mayaƙan Zulu suka hau wani tudun juji kusa da sansanin Kanar Evelyn Wood suka buɗe wuta da su, har suka tilasta wa wani kamfani ja da baya, suka kuma yi wa waɗanda Manjo Robert Hackett ya fita da su ɓarna. Na rubuta wannan a gefen shafin dutse don mai karatu ya ga bambancin da wata biyu suka kawo.

Matsayin aiki a yau: libarba an rufe, Webley Mk VI. Sahun baya an rufe, doguwar Lee-Enfield. Shafin dutse an rubuta shi da hujjojinsa. Gidan liba na kai fitowar asibiti, wadda aka ɗauka a ɗakin fim na Twickenham a Ingila ba a Natal ba, don haka zan ware ta, tunda kayan da aka yi aiki da su a can ba lallai su zama na filin ba.

Bayan liba sai wuƙaƙen bakin bindiga. Ta farabiti a 1879 samfurin 1876 ce, mai kusurwa uku, tsawonta wajen santimita 55, ana zura zobenta a bakin bututu a murɗa, ta zauna a gefen dama. Ta saje doguwa ce kamar takobi mai ɗan lanƙwasa. Ta doguwar Lee-Enfield kuwa gajeriya ce mai kaifi biyu, a ƙarƙashin bututu take zama, don haka ita ma za ta taimaka wajen ƙirga baƙin sahun baya a fitowar da ba a ganin sakata. Zan fara da fitowar da aka ba da umarnin ɗaura wuƙa, inda kowa yake tsaye wuri guda.